Hannunsa Ya Taɓa Ƙasa

Kunnena na hagu ya mutu ina da shekara ashirin da ɗaya. Duk wanda ya saba sayen nama a teburina a Alabar, nan Kumasi, ya san ta dama ake tsaya mini in ana son amsa. Baƙo kuwa sai ya yi ta zuba ta hagu, ina ta saran ƙashi ban kula shi ba, ya tafi yana cewa mahaucin nan girman kai gare shi. Samarin unguwa da ke zuwa nuna mini damben Amurka a wayoyinsu sukan tambaye ni ko wani ƙato ne ya yi mini wannan aiki. Nakan ce musu e, ƙato ne, Batone ne, ɗan ƙabilar masu garin nan, daga wajen Manhyia. Ban yi ƙarya ba, amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin mahaifina ne, kuma ran nan ko yatsa bai ɗora mini ba.

Baba mahauci ne ɗan mahauci. Kakansa ne ya biyo shanu daga ƙasar Hausa ya iso Kumasi, ya ce zai sayi goro ya koma, bai koma ba. Abu biyu ya bar mana gado, wuƙa da dambe. Damben namu ba irin na talabijin ba ne. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma, a bi shi da igiya har ya koma kamar kan taɓarya, shi ne na duka. Ɗayan a buɗe yake, a miƙe gaba, da shi ake karewa ana auna mutum. Ba a ƙidayar maki. In ka naushi abokin karawarka har hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ka kashe shi. Kisa ke nan, wasa ya ƙare, ko da zai miƙe nan take yana dariya.

Lokacin da na taso wannan dambe ya kusa mutuwa a Zango, unguwarmu ta Hausawa. Sai da Babbar Salla wasu tsofaffin mahauta sukan share fili bayan mayanka, a kira mai kalangu, a yi turmi biyu uku don tuna baya. Baba bai yarda ya mutu ba, kuma tunda ni kaɗai ne namiji a ɗakin Mma, a kaina ya sauke. Kullum in mun dawo daga mayanka, jinin shanu bai gama bushewa a ƙafafunmu ba, zai naɗe mini hannu a tsakar gida, maƙwabta su kwashe tukwanensu. Ba ya sassauta mini. Ya fasa mini leɓe ya fi sau goma kafin in mallaki hankalina. In Mma ta leƙo ta ce ya isa haka, sai ya ce ta koma ta ji da tuwonta, yaron da bai sha duka a gida ba a waje zai sha, kuma na waje ba su san inda ake tsayawa ba.

Ina da shekara goma sha huɗu na yi faɗan da ya jawo mini wani darasi. Na ɗauko kan sa a tire daga mayanka, sai wani saurayi Batone ya bangaje ni da gangan a bakin kwata, ya ce mini pepeni. Kalmar da suke jifan mu 'yan arewa da ita ke nan in suna son tuna mana cewa baƙi ne mu, ko da kakan kakanka a garin aka binne shi. Na sauke tiren a hankali don kada nama ya taɓa ƙasa. Naushi ɗaya na yi masa a haɓa ya zube cikin kwatar. Da na tsaya nan, da shi ke nan. Ban tsaya ba. Na haye ruwan cikinsa na yi ta kirɓarsa, hancinsa ya fashe, jini ya gauraya da baƙin ruwan kwata, mata masu wake da shinkafa suna ta kururuwa. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Duk naushin da na sauke sai in ji wani abu ya warware a ƙirjina.

Ban san Baba yana bayana ba sai da na ji an ɗaga ni ta wuya. Ya tsayar da ni a gaban jama'a ya wanke ni da mari, haƙorina na gefe ya fita tare da yawu.

"Ya faɗi ko bai faɗi ba?"

"Baba, zagina ya yi."

"Ban tambaye ka abin da ya yi ba. Ya faɗi ko bai faɗi ba?"

"Ya faɗi."

Ya ƙara mini wani a ɗaya kuncin. "Mu mahauta ne. Abin da ya kwanta, sau ɗaya muke yanka shi. Wanda ke dukan wanda ya faɗi ba ɗan dambe ba ne, kare ne, kuma ban haifi kare ba."

Shi da kansa ya ciro saurayin daga kwata, ya wanke masa fuska da ruwan butar wani mai shago, ya ba shi haƙuri da Tonanci, yarensu. Ni kuma daga ran nan aka ƙara mini sabon horo. Muna cikin karawa a tsakar gida, na ɗauko naushi, sai ya ce "Kisa," ba tare da kowa ya faɗi ba. Dole in sauke hannu nan take in juyo in dube shi. In na makara da ƙiftawar ido, sai in ji dunƙulensa a haƙarƙari. Wani lokaci ina cin tuwo zai faɗa, wani lokaci ina tsakiyar saran ƙashi. Shekara huɗu muna haka. Har ta kai in ya ce kalmar nan hannuna yakan sauka kafin kaina ya san an yi magana.

Sai bidiyo ya shigo unguwa. Wani mutum ya buɗe ɗakin kallo a bayan masallacinmu, benci shida da talabijin ɗaya, ranar Asabar da rana yakan sa kaset ɗin dambe. A nan na fara ganin baƙaƙen Amurka. Ƙattai baƙi wuluk kamar mu, wasu ma sun fi mu baƙi, suna rawa a kan yatsun ƙafa, suna duka da hannu biyu, Turawa cike da zaure sun sa kwat suna tafa musu. Ni da aka saba ce wa pepeni a garin da aka haife ni, na zauna baki buɗe ina kallon baƙin mutum ya shimfiɗe Bature a ƙasa, aka ɗaga hannunsa, aka ɗaura masa ɗamara ta zinariya. Na fita daga ɗakin nan ina naushin iska har gida.

Ban yi wata guda ba na gano inda ake koyar da irin wannan dambe, a wani tsohon sito a Adum, bayan shagunan masu sayar da atamfa. Mai wurin dattijo ne mutumin Ankara, babban birninmu na bakin teku, kowa Koci yake ce masa. Ya yi aikin jirgin ruwa yana saurayi, ya sauka a Amurka ya yi wasu shekaru yana shara a gidan horon 'yan dambe a unguwar baƙaƙe, ya dawo da karyayyen hanci da labarai. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa, in ta ƙare masa ya ciko da Tonanci ko Turanci.

Ran farko ya sa mini safar dambe ya haɗa ni da wani siririn yaro da na tabbata zan karya shi biyu. Na miƙa hagu a buɗe, na ja dama baya kamar yadda Baba ya koya mini, ina jiran dama ɗaya. Yaron ya yi ta tsattsaga mini fuska da hagunsa, tas, tas, tas, ya shiga ya fita, har idona ɗaya ya rufe. Ban taɓa shi ko sau ɗaya ba. Koci ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Masta, hannu biyu Allah ya ba ka. Wannan na hagu, ka ajiye shi don suruki ne?"

Washegari ya ɗaure mini hannun dama a baya da igiyar tsalle. Wata uku ina shan duka da hannu ɗaya, wanda bai san komai ba sai kare fuska. Na yi fitsarin jini sau biyu. Amma hagun ya farka, kuma da aka kwance daman sai yaran sito suka fara neman uzuri in an ce su kara da ni.

In mun gaji mun zube a kan siminti, Koci yakan zauna a kan tayar mota ya ba mu labarin mutanen da muke gani a kaset. Ya ce jikokin bayi ne, ta bakin tekunmu aka fita da kakanninsu, wasu ma daga arewa aka gangaro da su a ɗaure, ta nan Kumasi aka wuce. Ya ce a ƙasar can an yi zamanin da baƙin mutum ba ya shiga gidan abinci ta ƙofar gaba, ba ya zama a kujerar gaba a mota, in ya ɗaga ido ya dubi Bature da yawa ana iya wayar gari a ga gawarsa a rataye a bishiya. Da suka fito tituna suna neman haƙƙinsu aka sakar musu karnuka da kulake. Wuri ɗaya tak aka yarda baƙi ya daki Bature a bainar jama'a har a biya shi, shi ne cikin igiyoyin nan. To amma masu ba da maki Turawa ne. Don haka tsofaffin da ya yi wa shara suka koya wa 'ya'yansu abu guda, shi ma shi yake koya mana.

"Kada ka jira wani ya ce ka ci. Kada ka tsaya kwaraa, ko kaɗan. Ya durƙusa, ya yi kuka, ya kira uwarsa, kai dai ci gaba. Sai rafali ya shiga tsakani da jikinsa, ko ƙararrawa ya buga. Baƙin mutum da ya tsaya da wuri, gawa ne."

Na riƙe maganar nan da kai. Ban lura ba cewa ta Baba a cikin tsoka take.

Baba bai hana ni zuwa Adum ba, raini kawai ya yi wa abin. Damben matasan kai yake kiransa, wai ƙato ya ɗaura matashi a kowane hannu don kada ya ji wa ɗan'uwansa ciwo. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ƙidaya. "A kashe mutum, a tsaya a ƙirga masa goma ya tashi? Wannan ai ba dambe ba ne, tashin ƙiyama ne." Na yi ta ba shi labarin jikokin bayi, na ce wataƙila ma jininmu ne. Wata Asabar na ja shi har ɗakin bidiyo. Ya zauna a bencin gaba da hularsa, ya kalli wani baƙin ƙato yana ragargazar abokin karawarsa a jikin igiya, mutumin yana sulalewa ƙasa ana binsa da naushi. Da muka fito na tambaye shi yaya ya gani.

"Yana da hannu," in ji shi. "Uba ne ba shi da shi."

Shekara uku ina wurin Koci sai aka sa ranar zaɓen 'yan damben yankinmu. Wanda ya yi nasara a kowane nauyi za a kai shi Ankara sansanin horo, daga can kuma ake ɗibar masu fita waje. Abin da nake so ke nan a duniya, ba na son komai bayansa. Na gaji da warin tumbi, na gaji da ƙudaje, ina son in hau jirgi in je in ga ƙasar mutanen kaset da idona. Na doke mutum biyu a zagayen farko. Saura ɗaya, Batonen nan na wajen Manhyia, mai faɗin kafaɗa da gajeren wuya, wanda aka ce bai taɓa faɗuwa ba.

Ban gayyaci Baba ba. Bayan azahar aka fara, a wani fili mai rufin kwano, zafi kamar gidan burodi. Ina hawa dandali sai na ji kalangu. Na duba dama, ga Baba a layin gaba cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ga mahautan mayanka sun fi ashirin a bayansa, har da mai kiɗan da ke yi musu da Salla. Sun rufe tebura sun zo. Mai kalangu yana kiɗa taken gidanmu, wanda aka yi wa kakan Baba. Raina ya yi fari ƙal, har na ji ƙwalla. Koci kuwa ya dube su ya tsuke fuska, ya gyara mini hular kariya, wata tsohuwa da soson wajen kunnenta ya zube tuntuni.

Zagaye na farko mun ci junanmu. Ya sa mini ɗaya a ciki da ya sa na ji ɗanɗanon kokon safe a maƙogwaro. Na fasa masa gira da hagu, jini ya gangaro masa cikin ido, yana sharewa da safa yana ƙara shigowa. Mutanensa a ɗaya ɓangaren suna ta "Bo no, bo no," wato dake shi, namu suna amsawa da kalangu. A zagaye na biyu na gano shi. Duk lokacin da zai jefo dama sai ya sauke kafaɗar hagu. Na bari ya sauke, na aika masa da daman Baba, wadda aka shekara goma ana gina ta a tsakar gida. Ta same shi a muƙamuƙi. Robar bakinsa ta yi tsalle waje. Ƙafafunsa suka harɗe, ya tafi gefe, ya kai hannun hagu ƙasa ya dafa, ya turo kansa sama.

Daƙiƙa ɗaya ce, ko ba ta kai ba. Rafali yana bayansa, bai ga hannun ba, bai tsayar ba, bai fara ƙidaya ba. Mutumin yana tsaye amma idanunsa ba sa ganin kowa. Naushi ɗaya ya rage tsakanina da Ankara, kuma na riga na ɗauko shi.

"Kisa!"

Cikin duk hayaniyar nan muryar Baba ce kaɗai ta iso ni. Hannuwana suka sauka. Na juya kai dama na dube shi, kamar yadda na yi sau dubu a tsakar gida. Na gan shi a tsaye, ya ɗaga hannu sama, bakinsa a buɗe yana dariya. Ban taɓa ganin Baba yana yi mini irin wannan dariya ba.

Batonen bai san me ake ciki ba, jikinsa ne kawai ya yi abin da aka koya masa. Ya jefo dama da duk nauyinsa, ta sauka a kan kunnena na hagu, daidai inda soso ya zube. Na ji wani abu ya fashe a cikin kaina kamar an taka kwan fitila. Ban san na faɗi ba, sai dai na ga rufin kwano a gabana.

Abin da ya biyo baya a kwance na kalle shi, rabi da sauti rabi babu. Mahauta suka yi tsalle suka haye dandali, don a wurinsu an kashe mutum ya tashi ya yi ha'inci. Mutanen Batonen suka taso su ma. Benci ya fara yawo a sama. Na ga wani abokin Baba ya fasa wa wani kwalba a ka, na ga an tattake kalangu, na ga rafali yana rarrafe da jini a farar rigarsa. Baba da kansa, mai shekara sittin da wani abu, ya naɗe babbar riga ya shaƙe mai horar da Batonen yana ce masa da Hausa hannun yaronsa ya taɓa ƙasa, mutumin ko kalma ɗaya ba ya ji. Wani ya zo ta baya ya sauke wa Baba ƙafar benci a kafaɗa. Ya durƙusa, suka rufe shi da shuri. Koci ne ya kwanta a kaina ya kare ni da jikinsa har 'yan sanda suka zo da kulake suka bi kowa da kowa. Wani ruwa mai ɗumi yana ta fita daga kunnena yana shiga wuyan rigata.

A asibiti aka ce dodon kunnen ya fashe, jijiyar ciki ma ta taɓu, ba zai dawo ba. Wata biyu in na miƙe sai ƙasa ta juya da ni. Batonen aka kai Ankara. Koci ya zo duba ni sau ɗaya, ya zauna ta dama. Da zai tafi ya ce, "Na koya maka hannu biyu. Ban san akwai igiya a wuyanka ba." An hana shi kawo 'yan Zango gasa na wasu shekaru saboda rigimar, sito ya koma wurin ajiye shinkafa.

Baba ya fito da karyayyen ƙashin kafaɗa, bai ƙara ɗaga gatarin sara ba, ni na karɓi tebur. Ban ji ya ce mini komai game da ran nan ba, ni ma ban ce ba. Na tsane shi, kuma ina faɗa ne don haka abin yake. A Zango ɗa ba ya daina gaida ubansa, ba ya ɗaga masa murya, ba ya barin gida don fushi, unguwa za ta cinye shi ɗanye. Don haka na samo hanyata. Kullum sai in sa shi a haguna. In za mu zauna a tebur, in ja kujerata yadda zai faɗo ta wannan gefen. In muna tafiya masallaci, in koma damansa. In ya yi magana sai in ci gaba da abin da nake yi, in ya taɓa ni in juyo in ce, "Ban ji ba, Baba." Ba wanda zai ce na yi rashin kunya, ai kowa ya san kunnen ya mutu, kowa kuma ya san dalili.

Ya gane tun makon farko. Baba ba wawa ba ne. Abin da ya ba ni mamaki, har ya ƙara mini haushi, shi ne bai taɓa zagayowa dama ba. Nan hagun yake zama, ya yi ta maganarsa, ina jin gunjin muryar a ƙashin kaina ba tare da kalma ko ɗaya ba. Na yi aure yana haguna. Aka raɗa wa ɗana na fari sunansa yana haguna. Shekara tara muka yi a haka, ni da shi, kowa ya kafe.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ranar ƙarshe bayan azahar Mma ta aiko a kira ni daga kasuwa. Na tarar da shi a kan katifa, ya ƙanƙance, Mma tana wajen kansa, yayata tana wajen ƙafafu. Na zauna a bakin katifar, kuma wallahi ban yi niyya ba, jiki ne ya saba, sai ga shi a haguna. Ya kamo wuyan rigata da hannun nan nasa na dambe, ya jawo ni ƙasa. Na ji ɗumin numfashinsa a kan mataccen kunnen, na ji leɓɓansa suna motsi. Juya kai kawai zan yi. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Na ce a raina bari ya gama, in ya so in ce ban ji ba ya maimaita, sau ɗaya dai a rayuwarsa ya bi ta inda nake so. Ya gama, ya sake ni. Na ce, "Ban ji ba, Baba." Ya dube ni, ya rufe ido. Bai ƙara magana ba, kafin la'asar ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta na sami Mma a ɗaki na tambaye ta abin da ya ce. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Cewa ya yi ka yafe masa." Na fito tsakar gida na zauna a kan turmi. Yayata, wadda ba ta iya shafa wa magana mai ba tun muna yara, ta zo ta tsaya ta damana da bokitin wanke-wanke.

"Mma tana gyara masa ne," in ji ta. "Ni ina wurin, na ji sarai."

"Me ya ce?"

"Ya ce, hannunsa ya taɓa ƙasa, na gani da idona."

Dariya ta kufce mini a gidan makoki, har masu zaman gaisuwa suka leƙo. Wannan shi ne Baba. Daga nan dariyar ta juye, na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba a asibiti, ban yi ba a bakin kabari. Yayata ta ce ba ran nan ya fara faɗa ba. Duk shekarun nan in ya zauna a haguna a tsakar gida yana gunji, sau da yawa maganar ke nan, kowa a gidan ya haddace ta, ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mini. Ni ina jiran ya ce ya cuce ni. Shi kuma yana ta gaya mini cewa na ci, a gabansa, da hannun da ya gina, kuma bai yi ƙarya ba da ya ce kisa.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Koci, shi ne ni ma na ga hannun. Ina gabansa, na fi kowa kusa. Na ga safar ta dafa ƙasa, na ga ta bar jiƙaƙƙen tabo a kan tamfol. Da Baba ya tambaye ni sau ɗaya ta dama, da na faɗa masa, ko kuma da ban faɗa ba, ban sani ba. Na dai san shekara tara ina riƙe da maganar don kada ya samu.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai na rufe tebur da wuri na hau mota zuwa maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama kwanciya ba. Na tsuguna na yi masa addu'a, na shafa. Na daɗe a tsugune, sannan na ce, "Ya taɓa, Baba. Ni ma na gani."

Sai na lura a haguna na bar kabarin. Na miƙe na zagaya ta ɗaya gefen, na sake tsugunawa.